An Yi Mini Barka da Kumburi

Idan wata rana aka tara al'ummomin duniya aka ce kowacce ta ajiye abin da ta ƙara wa wayewar ɗan Adam, wasu za su kawo manyan gine-gine, wasu lissafi, wasu jirgin sama. Mu Kanawa ba sai mun yi dogon bincike ba. Baƙar leda za mu ajiye, da lemo da ayaba a ciki. Dubiya ke nan. Na karanta tarihin dauloli gwargwadon abin da laburaren makarantar sakandare ke iya ɗauka, ban ga wadda ta tsara zuwa gaida marar lafiya yadda muka tsara ba. A yi sallama ƙasa-ƙasa, a tura ledar gefen gado kamar ba kai ka kawo ta ba, a ce yaya jiki, a ce da sauƙi, sannan a shiga labarin wani da ya yi irin wannan ciwon bai tashi ba. Na shafe shekaru ina wannan hidima a Tudun Murtala. Babu wanda ya kwanta a layinmu, daga zazzaɓi zuwa karaya, da bai ci ayabata ba. Ban taɓa cewa don a rama mini nake yi ba, amma kuma ban taɓa shakkar za a rama ba.

Bayan na yi ritaya daga koyar da labarin ƙasa, kuma maiɗakina ta rasu, sai ɗana da ke aiki a Legas ya ce ba zai bar ni ni kaɗai a tsohon gida ba. Yana da gida a Nassarawa GRA wanda ba kowa a ciki, ya ce in koma can in huta. Haka aka magance kaɗaicina, aka ɗauke ni daga inda maƙwabci ke jin tarina ta katanga aka kai ni inda katangar ta fi ni tsawo sau biyu, da waya mai ƙaya a samanta. Unguwa ce mai kyau, ba na musu. Akwai bishiyoyin da suka girme ni, da inuwa wadda ba mai zama a cikinta. Na san muryar janareton maƙwabcina na dama da muryar karen na hagu, su kansu mutanen ban san tasu ba. A masallaci ana zuwa a mota, a yi salla, a gaisa da ɗaga hannu, a koma mota.

Hula ce ta fara sanar da ni. Wata safiya na ɗauki wadda na saba sawa na ga ta ƙi zama, na canja wata, ita ma haka. Maɓallin wuyan riga ya daina haɗuwa. Na duba madubi na ga fuskar wani mutum mai kama da ni wanda rayuwa ta fi yi wa adalci: kumatu sun ciko, fatar ido ta yi nauyi, wuya ya yi kauri. Zuwa la'asar sai abin ya sassauta, ya bar ni da 'yar cikar fuska irin ta wanda ba ya bin layin komai. Washegari da safe ya dawo. In na yi sujada sai in ji kamar an ɗura mini ruwa a ka, in na ɗago duhu ya gilma ta idona. Na koma salla a kan kujera. A Tudun Murtala da wannan kaɗai ya isa a biyo ni gida da tambaya. A masallacin GRA kusan rabin sahun farko a kan kujera suke, saboda haka sai aka ɗauka na fara sabawa da unguwa.

Duk mako nakan hau a-daidaita-sahu in koma tsohuwar majalisarmu, gindin darbejiya a gaban wani kantin kayan masarufi. A nan nake samun abokina, wanda muka koyar a makaranta ɗaya, shi lissafi ni labarin ƙasa. Bazazzage ne, Kirista, siriri kamar alli, kuma tun ranar da muka haɗu a ofishin malamai bai taɓa yi mini magana ba tare da ya tuna mini cewa ni Bakano ne ba, wato a wajensa bawa.

Ranar da na fara zuwa da sabuwar fuskata, tun daga nesa ya miƙe tsaye.

"Jama'a a ba da hanya, manya sun iso! Kai Bakano, waɗannan kumatun fa? Kaji nawa suka rasa rayukansu?"

Na ce, "Ba ƙiba ba ce, Malam. Kumburi ne."

"Haka masu hali ke cewa don kada a roƙe su."

Aka yi dariya. Mai kantin ya leƙo ya ce, "Wallahi Malam hutu ya karɓe ka. Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya san darajar uba." Wani ya ce dama ramar da nake da ita ta alli ce da ihun ɗalibai. Na sake cewa numfashina ma ba ya isata in na hau bene. Abokina ya ce, "Ka ji ko? Bene! Wato a sani gidan mai bene ne." Na yi dariyar tare da su, don ban ga wata ƙofa ba. Na koma gida da addu'o'in ƙarin buɗi.

A nan na gane wani giɓi a cikin tsarin da nake alfahari da shi. Dubiya tana da sharuɗɗa, ko da yake ba wanda ya rubuta su. Marar lafiya ya rame. In bai rame ba, ya kwanta. In bai kwanta ba, to a ce ga sunan ciwonsa, suna wanda za a iya faɗa wa na gaba a hanyar masallaci. Ni kuwa na cika, ina tafiya da ƙafata, kuma ba ni da suna. Abin da na fita nema a asibitoci ke nan, in faɗi gaskiya. Lafiya ina son ta kamar kowa, amma suna nake nema, wanda zan kai gindin darbejiya a yi shiru.

Na zaga. Wani likita ya ce hawan jini ne, ya hana ni gishiri. Wani ya zargi ƙoda, aka auna ta aka same ta ta fi ni kuzari. Wani ya ji ƙirjina ya ba ni abin shaƙa na masu asma. Da tari ya shigo, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga wata inuwa mai faɗi a tsakiya, aka ɗora ni a kan maganin tarin fuka na watanni, wanda ya mayar da fitsarina ja bai taɓa kumburin ba. Ba na ganin laifinsu sosai. Yawanci da yamma nake zuwa, bayan rana ta yi sanyi, lokacin da fuskata ta sauka ta zama ta mutum mai rufin asiri. Kuma duk wanda ya tambaye ni yaya jiki, nakan ba shi amsar da aka tarbiyyantar da ni a kanta. Mutum ya shigo da hularsa, fuska cike, ya ce da sauƙi, me kake so a yi masa?

A babban asibiti ne aka tura ni wajen wata likitar ƙirji, yarinya da ba za ta wuce sa'ar ɗana ba. Layinta na safe ne, ba zaɓi. Na shiga wajenta da fuskar asuba, wadda ba wanda ya taɓa gani sai madubi da maigadi.

Ta ce, "Baba, yaya jikin?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ta ajiye biro. "Baba, da sauƙi a waje ake barinsa tare da takalmi. In da sauƙi me ya fito da kai da sassafe?"

Na ce ladabi ne, 'yata. Ta ce ta sani, kakarta ma da shi ta kusa tafiya. Ta nemi in nuna mata wani tsohon hotona, na ciro katin shaidata na aiki. Ta dubi katin, ta dube ni, ta sake duban katin. Sannan ta ce in cire riga. A ƙirjina akwai wasu jijiyoyi da suka taso shuɗi-shuɗi suna karkacewa, waɗanda na daɗe ina kallo a matsayin taswirar kogunan tsufa. Ta bi ɗaya da yatsa.

"Ɗaga hannuwanka sama, Baba, duka biyun. Kamar ɗan aji ya san amsa."

"Ni ke sa a ɗaga, ba a sa ni."

"Yau an sa ka. Riƙe su a nan."

Na riƙe. Ba a jima ba na ji kaina ya cika kamar zai tsage, kunnuwana suka toshe, numfashi ya soma fita da ƙara. Ta ce in sauke. Ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma ce hutu ya karɓe ni ba. Ta ce, "Baba, kai ba ka da lafiya." Na daɗe ban ji magana mai daɗin wannan ba.

Aka tura ni hoto na babbar na'ura, wadda ake zura mutum a cikinta kamar burodi a tanda, bayan an ɗura masa wani ruwa a jijiya mai sa jiki ɗumi. Da sakamakon ya fito, likitar ta nuna mini a allon kwamfuta. Ta ce tsakanin huhu biyu, bayan ƙashin ƙirji, akwai wani fili da ba shi da faɗi amma kowa ta nan yake bi: zuciya, hanyar iska, hanyar abinci, da manyan jijiyoyin jini. A nawa filin wani abu fari-fari ya mamaye, ya shaƙe babbar jijiyar da ke mayar da jini daga kai da hannuwa zuwa zuciya. Jini yana hawa, saukowa ke ba shi wuya. In na kwanta ya taru a fuska, in na wuni a tsaye ya tsiyaye a hankali. Jijiyoyin da na gani a ƙirji kuwa lunguna ne da jinin ya buɗe wa kansa, yadda masu a-daidaita-sahu ke yi in babban titi ya cushe.

Na ce, "Shi farin abin, mene ne sunansa?"

Ta ce ba ta sani ba tukuna. Yana iya zama ciwon daji, yana iya zama wani abu dabam. Sai an yanko kaɗan an duba.

Na faɗa wa ɗana a waya. Shi kuma, cikin ruɗewa, ya kira mai kantin nan ya ce a riƙa leƙa Baba. Ban san yadda ya faɗa ba, amma daga Legas zuwa gindin darbejiya kalmar "yana iya zama" ta faɗi a hanya.

Suka zo. Allah ya sani, suka zo. Maigadi, wanda tun zuwana bai buɗe wa wani baƙona ƙofa ba, sai da ya koyi fuskokin Tudun Murtala. Limamin tsohuwar unguwarmu ya zo da mutum biyu. Mai kanti ya rufe kantinsa da rana tsaka. Tsofaffin ɗalibaina, wasu da furfura, suka durƙusa a kan kafet ɗin ɗana suna tuna mini dukan da na manta na yi musu. Matan layinmu suka zo da kunu a fulas, suka zaga gidan suna cewa ashe nan aka kawo shi, shiru kamar maƙabarta, sannan suka tuna inda suke suka ce Allah ya ba da lafiya. Ledoji suka taru a gefen kujera. Firjin da bai taɓa ɗaukar abin da ya wuce ruwa da magani ba ya cika da lemo. Aka ba ni labarin mutane da dama da suka yi ciwon daji, ba wanda ya tashi a cikinsu, na saurara da natsuwar wanda aka ba haƙƙinsa.

Abokina ya riƙa zuwa kusan kullum. Abin da ya ba ni tsoro shi ne ya daina tsokanata. Yakan zauna ya ɓare mini lemo da 'yar wuƙarsa, a hankali, ɓawon ya fita a zare ɗaya, ya miƙo mini. Ran nan ya ce, "Malam, an sa sunanka a addu'a a cocinmu."

Na ce, "Malam kuma? Ina Bakanon?"

Ya ce, "Sai ka warke." Ya juya yana kallon labule.

Ba zan ɓoye ba, a cikin duk zamana a GRA ban yi kwanaki masu daɗin waɗannan ba. Ina tsoron mutuwa daidai gwargwado, musamman da safe kafin kowa ya iso. Amma da na ji ƙarar ƙofar waje sai tsoron ya matsa gefe ya ba baƙi wuri.

Aka yi mini ɗan yanka a gindin wuya, daidai inda maɓallin da ya daina haɗuwa yake, aka zura abin da za a zura aka yanko. Aka jira. Sakamakon farko bai gamsar da su ba, aka aika wani wuri aka sake dubawa. Ranar da likitar ta kira ni, na je da sabuwar hula mai faɗi.

Ta ce, "Baba, ba daji ba ne."

Na yi hamdala, da gaske na yi ta.

Ta ce abin da aka samu nama ne mai tauri irin wanda jiki ke yi in yana ɗinke rauni. Wani lokaci, bayan wani tsohon ciwo da mutum bai ma san ya yi ba, ko kuma ba tare da an gano dalili ba, jiki yakan fara ɗinki a tsakiyar ƙirji ya manta ya daina. Ya yi ta ɗinki har ya ɗaure abin da bai kamata ya ɗaure ba. Ta faɗi sunansa, kalmomi biyu dogaye masu ƙamshin Latin, na sa ta maimaita har na iya. Ta ce ba kasafai ake ganinsa ba, ita kanta a littafi ta san shi kafin ni. Ba ya yaɗuwa zuwa wani wuri, amma ba a iya kankare shi, don ya manne da abubuwan da ba a wasa da su. Za a gwada ƙwayoyi ko zai tsaya inda yake. In jijiyar ta ƙara matsewa, akwai wani ɗan bututu da ake sakawa a buɗe ta, amma ba a asibitin nan ba. Za mu daɗe tare, in ji ta.

Na ce, "Wato ba warkewa."

"Ba warkewa, Baba. Sai lallaɓawa." Ta jawo takardar magani ta fara rubutu. "Kuma ƙwayoyin suna da hali. Suna buɗe ciki, suna kuma cika fuska."

Na dawo gida na tarar da falo cike da mutane. Na tsaya a gabansu yadda na saba tsayawa a gaban aji, na shirya bayanin tun a hanya, da filin, da titin, da lungunan. Na fara da cewa ba daji ba ne.

Ban kai ga jimla ta biyu ba. Liman ya ɗaga hannu aka yi addu'ar godiya. Mata suka yi guɗa ƙasa-ƙasa saboda unguwar manya ce. Mai kanti ya ce shi dama bai yarda ba, mai ciwon daji ba ya irin wannan kumatu. Na ce a dakata, akwai saura, na faɗi dogon sunan. Wani tsohon ɗalibina ya ce, "Wato me ke nan, Malam?" Na ce wani irin tabo ne a ciki da ke... Ya ce, "Alhamdu lillahi, abu ya zama tabo." Abokina ya miƙe ya buga mini kafaɗa, idanunsa sun yi ja.

"Bakano! Ka tara mu mun rufe sana'o'inmu, ashe lemo kake so. Ku ba ku da kunya, komai sai kun ci riba."

Na ji daɗin dawowar sunan. Na buɗe baki in ce masa ba a warkewa, sai na ga yadda fuskarsa ta saki, na fasa. Aka watse da fara'a, kowa yana cewa sai na leƙo majalisa.

Lemon ya ɗan jima a firji. Na sha abin da zan iya, na ba maigadi saura. Ƙofar waje ta koma buɗewa sau biyu a rana, in ya fita sayen abinci da in ya dawo. Na ci gaba da kwana a kan tarin matasai, kusan a zaune, ina salla a kujera, ina hawa bene da hutu a tsakiya. Ƙwayoyin suka yi abin da aka ce za su yi. Nauyin kai ya ɗan ragu, fuskar kuwa ta zama zagayayya kamar faranti, kuma yanzu ba ta sauka da la'asar. Duk ranar da na daure na je gindin darbejiya, sai an yi mini barka. Na gwada faɗin dogon sunan sau ɗaya ko biyu, aka ce Malam dai da Turanci. A duk Kano mutum ɗaya ce ke kallona ta ga marar lafiya, ita ma sai ranar layinta.

Wata Asabar da yamma maigadi ya leƙo ya ce ina da baƙo, dogon nan siriri. Na sa hula, na gyara matasan kujera, na sa ruwan shayi da kaina. Abokina ya shigo yana cewa gidan nan ko aljani sai ya yi sallama sau biyu kafin a amsa. Muka zauna. Muka yi zancen tsohon shugaban makarantarmu da ke kulle ƙofa da kansa, da ɗaliban da suka zama manya, da ruwan saman bana. Ya tambaye ni jiki. Na tuna likitata, na ajiye ladabi a gefe, na gaya masa komai: safiya, sujada, bene, bututun da wataƙila za a saka. Ya saurara yana gyaɗa kai. Ya ce Allah ya sawwaƙe. A raina na ce tsarin nan dai bai mutu ba, jinkiri kawai yake yi, kamar kowane babban tsari.

Da magariba ta kusa na raka shi bakin ƙofa, a hankali. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Af, na kusa mantawa. Madam ce ta ce lallai in tambaye ka sunan ƙwayar nan da kake sha. Autarmu ta dawo daga makaranta duk ta rame, ba ta cin komai. Ta ce tunda kai ta karɓe ka haka..."

Na ce masa ba ta wasa ba ce, kada su kuskura, su kai yarinyar asibiti. Ya ce shi ma abin da ya faɗa ke nan, amma ka san mata. Ya ce in gaida masu kuɗi, ya tare a-daidaita-sahu ya tafi.

Na koma falo in kwashe kofuna. Na duba gefen kujerar da ya zauna. Babu leda.